Gaisuwa Daga Mai Gyaran Rediyo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara.

Kar ki yi dariya. Kin san aikina: wuni nake gaban kwamfuta ina gwada wasanni kafin a sayar, ina farautar kuskure. In mutumin cikin wasa ya maimaita magana ɗaya sau uku, sai in rubuta cewa akwai matsala. A ofis ana ta musu, wai duniyarmu ma shiri ce cikin wata ƙatuwar kwamfuta. Da, ni ke fara yi musu dariya.

Jiya na jera wasiƙun Mama uku na ƙarshe a tebur. Duk ukun sun ce fankar ɗakinta ta fara ƙara, duk ukun sun ce in rage shan shayi. Ta ƙarshen har cewa ta yi mai gyaran rediyo na bakin layinmu yana gaishe ni. Yaya, da ni aka je jana'izarsa shekara biyu da suka wuce!

Ko dai duniyar ce ta fara maimaita kanta, ko wani na wasa da hankalina. Wanne ne?

Ƙaninki, Auta

*

Auta sarkin zargi,

Muna amsawa, kowa lafiya. Tun kana yaro haka kake, sai ka kwance agogo ka ga wa ke ciki. Tsufa ne kawai, Mama ta manta mutumin ya rasu. Ka fita ka sha iska, wannan kwamfutar za ta juya maka kai. Ka kula da kanka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina ba daɗi.

Na buɗe kwalin takalmin da nake tara wasiƙu. Na samo wata da Mama ta aiko shekara huɗu baya: fanka, shayi, mai rediyo, layi bayan layi, ba abin da ya canza. Mantuwa ba ta kwafi. Na kuma tuna Mama kan fara rubutu a littafinta kafin ta juye a takarda, kuma ita ta koya miki riƙe biro, hannunku iri ɗaya ne. Duk sanda na bugo waya, sai ki ce tana barci ko tana wanka.

Ina Mama take?

Auta

*

Ƙanina,

Salama a gare ka, kuma ka yafe min.

Ni ce nake rubuta wasiƙun. Wata huɗu ke nan da Mama ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi. Na tambaye ta ko in gaya maka, ta girgiza kai tana hawaye, don ta san za ka watsar da aikin da ka sha wuya kafin ka samu. Sai na ɗauko littafinta ina kwafa. Ban iya ƙirƙirar kalmominta ba, na gwada na kasa.

Tun shekaranjiya ta daina karɓar abinci. Likita ya ce a kira na nesa. Ina jin tsoro, Auta.

Yayarka

*

Yaya,

Na taso, wataƙila in riga takardar nan isowa. Ki faɗa mata a kunne.

Wallahi na so a ce kwamfutar ce. Da ita ce, da na san inda zan taɓa.

Auta