Labarin garin ƙarƙashin ruwa da na ba Baffa

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, iyayena da yayyena da ƙannena. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya, sannan ni mai dogon zance ce, in na fara sai an ce min ya isa.

Ni matar aure ce, muna zaune a wani ƙauye gefen dam, ta yankin Watari. Auren zumunci ne, mahaifin maigidana wan babana ne, Baffa nake ce masa tun ina yarinya, shi ya sa babu irin kunyar nan ta suruki a tsakaninmu, ni ce mai dama masa kunu, ni ce mai wanke masa kaya. Baffa ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi yana, dishi-dishi yake gani, hankalin kuma yana zuwa yana komawa, wata rana ya lissafo miki dangi kaf har jikoki, wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyata mai rasuwa. Amma kunnensa garau yake. Ina jin ma a wurinsa na gado, don ni ba na leƙa ko ƙofar gida, amma daga tsakar gida ina gane mashin ɗin kowa a garin nan da ƙararsa, kuma maganar da na ji sau ɗaya ta zauna ke nan.

Ina da yarinya, Sadiya, tana sakandare. Akwai wani fim na Turawa mai dogon zango da ake tura musu a memori a kasuwar Tsanyawa, an yi masa fassarar Hausa, na wasu mutane masu yawo a cikin jirgi tsakanin taurari, yau su sauka a wannan duniyar gobe a waccan. Ta ce tun kafin a haife ta ake yin sa, har 'yan wasan farko sun tsufa an kawo wasu. To sai wata malamarsu ta ga tana son abin, ta ara mata wani littafin Turanci, duk ya ji jiki an liƙe bangon da salatif, wai mutanen fim ɗin ne dai da jirginsu, amma wannan labarin ba a taɓa nuna shi ba, a littafin kawai yake. Da yake kaka ce muna ta ɓarar gyaɗa, sai ta riƙa karantawa tana juya min da Hausa, ina ɓara ina saurare, wallahi har tuwo na taɓa ƙonawa saboda daɗin labarin.

A labarin, jirgin ya sauka a wata duniya mai wani tafki mai faɗi, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai gari. Duk wanda ya rasa wani nasa, in ya taka ya shiga ruwan ba ya nitsewa, zai tarar da gidansu na da yadda ya bar shi, wuta tana ci a murhu, wanda ya rasa ɗin yana zaune ko tsufa bai yi ba. A cikin mutanen jirgin kuma akwai wani dattijo mai gyaran inji, matarsa ta daɗe da mutuwa, tun da ya ji zancen tafkin ya daina kula kowa, kullum yana bakin ruwa yana kallo.

A lokacin Baffa ya rage cin abinci, in na kai masa kunu da hantsi sai ya kurɓa kaɗan ya ture. Na lura in ana yi masa hira yana mantawa ya sha, sai na ce bari in riƙa ba shi wannan labarin. To kun san yadda muka tashi, ba a yin tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓata yake, in ma yara sun matsa sai sun ƙulla ciyawar zana tukuna. Na san malamai sun ce camfi ne, amma har yau gabana faɗuwa yake, kuma shi Baffan da kansa ya sha korar mu da carbi a kan haka muna yara. Shi ya sa ban ce masa ga ta nan ga ta nanku ba. Cewa na yi, Baffa ka ji wani labari da Sadiya ta karanto a littafi. Ya ɗago kai ya ce a littafi, rubutacce? Na ce ƙwarai kuwa, da bango da komai. Ya ce to ba ni in sha. Ranar tas ya shanye kunun, ni kuwa ina ta murna.

Abin da ban tuna ba shi ne, Baffa duk rayuwarsa littafin da ya sani daga Alƙur'ani sai littattafan malamai, shi a wurinsa babu mai ɓata tawada da takarda ya rubuta abin da bai faru ba. Wani abin kuma, kowa a garin nan ya sani har da ni, tsohon garinmu yana ƙarƙashin dam ɗin nan, lokacin da aka tare ruwa ne aka dawo da su nan tudu. A can matarsa ta rasu, mahaifiyar su maigidan, suna ƙanana, a can aka binne ta. Ni ban taɓa ganinta ba. Har yau ba ya faɗar sunanta, sai dai ya ce uwar yaran nan, yaran da yanzu duk sun yi furfura. Wallahi tallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta haɗa wannan da wancan ba.

Da farko tambayoyi ya fara yi, ina amsawa ina dariya. Ya ce ruwan nan da ake shiga, da kaya ake shiga ko sai an tuɓe? Ya ce in mutum ya je, su na can suna gane shi ko da ya tsufa? Na ce Baffa ai matar mutum ba za ta kasa gane shi ba. Ya ce haka ne, tana da ido.

Ranar da abin ya faru ina toya ƙuli a tsakar gida, maza duk suna gona wurin yankan dawa. Ba wani abu na ji ba, abin da na daina ji ne ya tsorata ni. Kullum daga rumfarsa ina jin ƙas-ƙas ɗin carbinsa da ɗan tarin nan nasa, sai na ji tsit. Na leƙa, babu Baffa, babu sanda, babu takalmi. Ni da ba na fita, ranar na fita da mayafi a baibai ko izini ban nema ba, ina gudu ina kiran sunan Allah. A hanyar dam na haɗu da Malam Sale, maƙwabcinmu mai noman tumatir, ya riƙo shi suna tahowa, rigar Baffa tana ɗigar ruwa. Malam Sale ya ce yana gyaran injin ban-ruwa ya hango mutum a cikin ruwa har ƙugu, ya ɗora takalmansa a ka, yana ta cewa salamu alaikum masu gida, salamu alaikum masu gida, yana ƙara gaba. Kun san yadda dam yake cika maƙil bayan damina, gaba kaɗan da inda ya tsaya akwai wani zurfi da ko samari ba sa wasa da shi. Baffa kuwa ko a jikinsa, faɗa ma yake yi wa Malam Sale, wai ya katse shi ana shirin amsa masa.

Daga nan gida ya rikice. Wan maigidana, Yaya Alhaji, ya ce mutanen ruwa ne suke kiran Baba, aka kawo mai ruƙiya, aka yi hayaƙi, aka shafa masa man habbatussauda. Ya ce a sa kwaɗo a ɗakin Baffa, maigidan ya ce ba za a kulle masa uba kamar akuya ba, suka yi ta yi har sai da maƙwabta suka shigo. Duk da haka an gwada kullewar, Baffa ya yi ta dukan ƙofa da sanda yana kuka yana cewa me ya yi mana, wunin ranar ko ruwa bai sha ba, dole aka buɗe. Ƙarshe aka ce ni da nake gida kullum in sa masa ido. Ina tsaye a wurin ana ta maganar aljanu, na ɓoye cewa labarina ne ya jawo. Shi Yaya Alhaji dama tuntuni yake cewa bokon Sadiya ya isa haka, kuma ya rantse duk wanda ya gano da hannu a wannan abu sai ya gane kurensa.

Na gwada faɗa wa Baffa gaskiya. Na durƙusa na ce Baffa ka yafe ni, abin nan fa tatsuniya ce, Turawa ne suka ƙirƙira don nishaɗi. Sai ya yi 'yar dariya ya ce tatsuniya da rana, ke da na raina da hannuna? Ya ce ai ba ki ce ga ta nan ba, kin ce a littafi yake, ke ma su Alhaji ne suka tsorata ki. Ya juya fuskarsa bango, abincin ranar haka na ɗauke shi.

Sai na gano abu ɗaya ne yake zaunar da shi, son jin ƙarshen labarin. Dama na tsaya ne daidai inda dattijon mai gyaran inji yake tsaye a bakin tafki, kullum tambayarsa, ya shiga ko bai shiga ba? Na sa Sadiya ta karanta ƙarshen ita kaɗai. Ta zo min idonta jawur, ta ce Umma ya shiga, matar ta tare shi da ruwan sha a ƙwarya ko me suke sha da shi, jirgi ya tashi ya bar shi, kuma littafin ma nunawa ya yi kamar ya dace. Na ce innalillahi, wannan ko da wuƙa a wuyana ba zan faɗa masa ba.

Tun daga nan nake jan labarin da abin da na ƙirƙira. Na ce injin jirgi ya lalace an kira dattijon gyara, na ce ya kwanta zazzaɓi, na ce shugabar jirgin ta ɓoye masa takalmi. Yana saurare yana shan kunu. Shekaranjiya dabara ta ƙare min, bakina ya suɓuce na ce sun dakata sai ranar kasuwa ta zagayo su sayi gishiri. Sai Baffa ya ajiye ludayi. Ya ce ke, mutanen taurari ne za su zauna jiran ranar kasuwa? Ya ce wannan ba maganar littafi ba ce, muryarki ce, kwana biyun nan duk ina jin ki, na dai ƙyale ki ne.

Yanzu ga abin da ya ce. Wai ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci, Sadiya ta zo ta zauna a gabansa da littafin, ta fara karantawa da Turancin tukuna sannan ta juya, ya ce ko bai jin Turanci yana gane muryar mai ƙari. In kuwa muka ƙi, ya ce ba komai, zai je ya gani da idonsa, ai hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Sadiya kuma ba ta iya ƙarya ba, ko goro ta ɗauka aka tambaye ta sai muryarta ta kama rawa. Tun jiya take kuka tana cewa ita ta jawo, ina ce mata ba ke ba ce, ni ce.

'Yan'uwa ni kaɗai ce da shi a gidan nan da rana, ga girki ga ƙananan yara ga awaki, ko banɗaki na shiga sai na bar ƙofa a buɗe ina sauraron carbinsa. In sa yarinyar ta sauya ƙarshen, ta ce dattijon ya tarar ƙofar garin a rufe? In ya gane fa, ya daina yarda da kowa, ya sulale ranar da ban ji ba? In kuma ya yarda, ina tsoron ya ajiye cin abinci gaba ɗaya, don wannan zancen ne kaɗai yake tayar da shi zaune. Ko in cire tsoro in faɗa wa maigidan komai, ko da za a ƙona littafin mutane a cire Sadiya daga makaranta, a mayar wa Baffa kwaɗo? Masu aikin asibiti da ke cikin nan, irin wannan rikicewar ta tsufa tana da magani, ko akwai yadda ake yi musu magana su ji? Malamai kuma, in na yi masa ƙarya don in tsare ransa ina da zunubi?

Ba na son zagi don Allah, na zagi kaina ya ishe ni. Ɗazu da safe ya miƙo min farar rigarsa ta Sallah, wadda yake ajiyewa a ƙasan adaka, ya ce in wanke in sa mata bula kafin Juma'a, wai uwar yaran nan ba ta son ganinsa da dauɗa. Na karɓa na ce to Baffa. Ga ta can na jiƙa a bokiti na ƙi shanyawa, ya tambaye ni na ce ba ta fita ba tukuna. Juma'a jibi ce. Don Allah me zan ce masa?