Sunan Jikata Asha

Alexandria, Virginia

Zuwa ga Yaya Kaltum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, 'yata Haula tana murmurewa daga haihuwa, jaririya kuma sai tsotso da barci.

Yaya, na gaji da amsa waya a kan sunan yarinyar nan, shi ya sa na zauna na rubuto. 'Yar'uwarmu Sadiyya ta kira tana yi mini gyara, wai A'isha ake cewa, bakinmu ne ya karye a Amurka. Kawu Ilu kuma ya aiko cewa sunan gunki muka sa wa jikarsa, ba zai sa mata albarka ba sai an sauya. Haula ta saurari saƙon tana jego, ta wuni tana kuka.

Asha ne sunan, ba kuskure ba ne. Ranar haihuwar jini ya ɓalle wa Haula, ina tsaye a bakin ƙofa ina ta salati. Wata likita Ba'indiya, Dakta Asha, ita ta tsaya a kanta awa huɗu har Allah ya tsayar da jinin. Munzali, mijin Haula, ya ce sunanta zai sa wa 'yarsa.

Ni ma ban yarda haka kawai ba. Da muka koma a duba ɗinki, na tambaye ta ma'anarsa. Ta ce kalma ce ta Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, kuma tana nufin fata, wato sa rai da alheri. Ba sunan abin bauta iyayenta suka nufa ba. 'Ya'ya uku uwarta ta binne kafin ita, sai kakarta ta raɗa mata wannan suna, kamar dai yadda mu muke kiran irin wannan ɗa Ajuji. Na je har garin Clinton wurin limaminmu, ya ce suna mai ma'ana mai kyau babu laifi a cikinsa.

An yanka rago, an yi addu'a, suna ya zauna. Don Allah ki karanta wa Kawu wannan takarda da kanki. In yana da sauran magana, ni zai kira, kada ya sake aika wa Haula, ɗinkinta bai ma warke ba.

Ki gaishe mini da Malam, da Nazir, da Humaira. Sadiyya ma a gaishe ta.

Ƙanwarki,
Rahmatu