Golanmu ɗan Hajiya Memuna

Lahadi, bayan Isha'i, Nima

Yau ma an ci mu. Na gaji da kulob ɗin nan, wallahi. 'Yan bayanmu tsayuwa kawai suka yi kamar masu jiran mota, amma duk filin golanmu Sadiku ake zagi, don ƙwallo ta zame daga hannunsa. Yaron da ya tashi a lungunmu!

Da na sauka daga motar haya ta trotro, na tarar da uwarsa, Hajiya Memuna, tana wanke tukunyar waakye, shinkafa da wake. Na so in zame, ta kira ni.

"Malam Isa, Sadiku ba ya ɗaukar wayata. Ba ciwo ya ji ba ko?"

Na ce lafiyarsa lau.

"To, alhamdulillahi," in ji ta, ta ci gaba da wanke-wankenta. Ko nawa-nawa aka tashi ba ta tambaya ba.