Lambar da Ke Aljihun Mai Walda

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah Ya ƙara muku ƙoshin lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Gaisuwar nan don tarbiyya na yi ta, amma ki sani raina a ɓace yake.

Maganar taron 'yan ajinmu ce, na cika shekara ashirin da gama sakandare. Ranar da muka raba aiki a shagona, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Monitan ajinmu ya nemo mana zauren makaranta. Ni na ɗauki ɗinkin mayafin tebura goma, sati biyu ina kan keke har bayana ya ƙage. Mai Walda ya ce zai haɗa rumfa da ƙarfensa, kyauta. Ke da kike nesa muka ba ki mafi sauƙi, katin suna arba'in da za a ɗora a kan kujeru. Shi ke nan fa aikinki.

Jiya na buɗe kwalin da kika aiko a gaban 'yan kwamiti, kunya ta rufe ni. Ashe daga takardar sakamakon zangon ƙarshe kika kwafo sunayen, har da matsayin kowa, lamba ɓaro-ɓaro a saman suna. Ke ta ɗaya, dama mun sani. Ni ta talatin da takwas, na gode da tuni. Kika ƙara da cewa a jera kujeru bi da bi, wai don mu tuna yadda ake kiran sakamako a filin makaranta. Wa ya gaya miki muna kewar wannan rana? Ke kaɗai aka tafa wa, Hajiya Likita.

Mai Walda ya ɗauki nasa mai lamba arba'in, ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihu. Ya ce rumfa zai haɗa tunda ya yi alkawari, amma ba zai zauna ba, don 'yarsa ta ce za ta rako shi, kuma ta iya karatu.

To bari ki ji abin da Inna ta hana a gaya miki tun lokacin. Ranar jarrabawar lissafi, kin riga kin fita Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. Mai Walda ne ya zo wucewa cikin kayan makaranta. Shi ya goya Baba har bakin titi, ya zauna da ni a asibiti har la'asar. Takarda biyu muka rasa, ni da shi. Ke kika rubuta taki hankali kwance, kika dawo aka ce miki zazzaɓi ne ya kama Baba.

Na sa almakashi na yanke lambobin duka, har da taki. Tasa ce kawai ban samu ba, tana aljihunsa. Lambar wayarsa na bayan takardar nan. Ki kira shi da bakinki kafin Asabar ɗin taron, ba saƙo ba. In kujerarsa ta zauna babu kowa, kada ki nemi wuri kusa da ni.

Inna da Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yara, su ba su yi min komai ba.

Yayarki,
ta talatin da takwas.