Alhaji Ya Ce In Kaɗa Masa Taken Ubansa

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana. Mai niyyar zagina don Allah ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi. Daga Dandume har Musawa babu gidan ɗan damben da ban san takensa ba. Da sana'a ta ja baya sai wani Alhaji ya ɗauke ni. Yana da tsohon siton auduga a bayan Funtua, can yake haɗa dambensa a ɓoye. Kada ku ɗauka irin wanda muka sani ne, da gwiwa ta taɓa ƙasa an raba. Ina! Nan babu mai rabo, sai mutum ya kasa tashi, ana ɗauka a waya, wasu manya suna can suna caca a kai. Da kaka ake kwaso samari 'yan ƙodago a ce musu dakon masara ne, suna shiga a karɓe wayoyi a ja ƙofa. Wanda ya ce zai gudu ko zai kai ƙara, a tuna masa an san rumbun gidansu kuma ashana ba ta da tsada. Ni nake nuna gidajen 'yan damben da za a je a kwaso 'ya'yansu. Wanda ya tsaya sororo a fili ya ƙi ɗaga hannu, ni nake matsawa kusa da kunnensa in saki taken ubansa. Wane ɗan halak ne zai ji ana kiran ubansa a gaban mutane ya zauna? Babu. Ina kaɗawa, su tashi, a farfasa su, in koma gida in ci tuwona in yi barci. Ko mafarki ba na yi. Wannan shi ne abin kunyar, wallahi ba na jin komai.

To yanzu ga Sabi'u. Ɗan marigayi aminina ne, wani ɗan dambe na wajen Gozaki da na yi wa kiɗa har ya bar duniya. Ni na yi wa uban takensa da hannuna. Sabi'u magidanci ne, matarsa na goyo, kuma ni na nuna gidan. Karonsa na baya an same shi a kai, tun daga nan idonsa na hagu ya daina gani, in ya ɗauki kofin ruwa rabi a ƙasa yake ƙarewa. Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan la'asar Sabi'u zai sake shiga fili, da wani ƙato da aka kawo. Na ce Alhaji a duba, mutumin nan ya ƙare. Ya yi dariya ya ce ai masu kallo irin wannan suka fi so, ni dai in gyara kalanguna.

Jiya na kai musu fura ɗakin da ake kulle su. Sabi'u ya riƙe mini bakin riga, bai ko ɗago kai ba.

"Baba, don girman Allah kada ka kaɗa taken babana. Ka san in na ji ba zan iya kwanciya ba."

Na ce to. To kawai na ce, kamar ya aike ni sayen goro. Na fito na tsaya a rana ina jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru.

Na san Sabi'u, na san yaran Alhaji. Ko na kaɗa ko ban kaɗa ba sai sun tura shi fili. In na yi shiru zai tsaya hannu a sake, ƙaton nan ya same shi ta gefen da ba ya gani. In na kaɗa zai kare kansa, amma duk faɗuwar da ya yi sai ya miƙe, sai ya sake miƙewa, har a kai inda ba a miƙewa. Jibi ne Juma'ar.

Jama'a, me zan yi?