Gefen Fuskar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Mutane da sun ji an ce ciwo daga ƙwayoyin halitta yake, sai su ce ai gado ne. Inna ma haka. Tun da muka dawo daga asibiti take lissafo dangin Baba, wai ko akwai wanda ya taɓa yin ƙari a gaban kunne. Ni da nake koyar da ilimin halittu na kasa fahimtar da ita. Ƙarin ƙanena Auta ne ya dawo, inda aka cire masa shekarun baya. Likitan fiɗa ya ce wannan karon ya nannaɗe jijiyar fuska. In ya yanka, da ita zai tafi, gefen fuskar ya zube.

Auta cewa ya yi, "Yaya, dama gefen hagun bai taɓa kyau ba." Ban yi dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
An ɗage aikin. Likitar ɗakin gwaji ta ƙi sa hannu. Ta sa an tono tsohon naman da aka cire masa, ta haɗa da sabon, ta ce sunan da aka ba ciwon a da bai kwanta mata ba. Iri biyu ne masu kama kamar tagwaye, ido kaɗai ba ya raba su. Na shiga wurinta da faɗa a bakina, na fito da kunya. Gajeriya ce, tabarau a goshi, ba ta gaggawar magana. Auta ya raɗa mata suna Sai-Na-Gani.

Asabar, 8 ga Maris
Jira. Na ƙona shinkafa.

Laraba, 19 ga Maris
Yau na ga abin da ban taɓa gani ba sai a littafi. Likitar ɗakin gwajin ta kashe fitila, ta ce in sa ido a madubin duba ƙwayoyi. Ɗige-ɗige ja da kore cikin duhu. A lafiyayyen nama manne suke da juna. A na Auta sun rabu, ja can, kore can. Ta ce ƙwayar halitta ɗaya ce ta karye, ta je ta liƙe da wata da ba ruwansu da juna, haɗin ya zama kamar makunnin wuta da ya maƙale ya ƙi kashuwa, nama na ta tsiro ba tsayawa. A ƙarin kaɗai abin ya faru. Ba wanda ya ba shi, shi ma ba zai ba jaririyarsa ba.

Inna ta ce, "'Yar nan, ki rantse ba daga nonona ba ne." Likitar ta kama hannunta ta ce, "Mama, nononki ƙiba kawai ya ba shi."

Ina ma ɗalibaina sun ji yadda ake bayani.

Juma'a, 21 ga Maris
Irin wannan haɗin yana da magani na haɗiya. Wataƙila ya motsar da ƙarin daga jikin jijiyar kafin a yanka, wataƙila kuma a'a. Likitar ba ta ɓoye ba. Na buɗe baki zan ce mun amince, sai ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Auta. "Malam, fuskarka ce. Me ka gani?" Ya yi tambayoyin da ni ban ma tuna da su ba: jiri, tuƙi, in maganin ya daina aiki fa. Yaushe yaron da na goya ya koyi wannan?

Litinin, 28 ga Afrilu
Auta ya zaɓi shan maganin. Yana ƙorafin jiri, ya ƙara ƙiba. Matarsa ta ce yanzu yana iya kwanciya ta gefen hagu.

Juma'a, 16 ga Mayu
An yi wa Auta hoton ƙarin yau. Ban bi shi ba, ina da aji. To, da na so da na samu mai riƙe min. Ban kira ba sai sau ɗaya. Shi ya kira daga baya: ƙarin ya ja baya, likitan fiɗa ya ce yanzu yana ganin hanyar da zai bi ya bar jijiyar. "Na riga na sa ranar aiki, Yaya." Na ce to. To kawai.

Da na koma aji na rufe littafin. Na ce wa yaran su ɗaga gira, su runtse ido, su hura kumatu, su yi murmushi. Ajin ya kaure da dariya. Na ce jijiya ɗaya ce a kowane gefe take yin duk wannan, siririya kamar igiyar takalmi. Ku ɗora yatsa a gaban kunnenku, nan take bi. Yanzu ku sake gwadawa, a hankali.