Bahon Inna da Mitar Wuta

Maje,

Na wuce makaranta, ban so in tashe ka ba. Bahon nan da ka haɗa wa Inna da hitar ɗumama ruwa ta kasuwar Sabon Gari ya yi aiki. Ta gasa ƙafafunta, yau a tsaye ta yi sallar asuba. Rabona da ganin haka tun bara. Allah ya yi maka albarka.

Sai dai ta leƙa zaure ta ga mita tana juyi kamar mazari. Ta ce in haka yake cin wuta, ta haƙura.

Don Allah gobe ka ɗumama ruwan tun tana ɗaki, ka kashe hitar kafin ta fito. Kuɗin wuta bar ni da shi. Na daina kunna fankata, tsakar gida ma akwai iska.

Yayanka,
Wali